Bayan Mota Ake Fara Dubawa

A tashar Tasawa ko ta Mayahi, in ka ga mutum ya zo cinikin bashe, wato motar kaya mai buɗaɗɗen baya, lura da inda ƙafarsa ke fara kai shi. Ba ya tsayawa wajen fitilu, ba ya shafa gilashi. Baya yake zagayawa, ya tattare rigarsa, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi. Ya ƙirga ƙarafan sifirin ɗaya bayan ɗaya, ya ga ko an ƙara, ko akwai wanda ya karye aka ɗaure da roba. Ya bi shasi da yatsa yana neman tabon walda. Ya miƙe ya kama ƙarfen da aka kewaye bodi da shi ya girgiza iya ƙarfinsa, ya hau ciki ya taka daɓen da dunduniya. Sai ya gama duk wannan sannan ya ce a tayar da inji ya ji. Maganar launi, in ma ta taso, sai wajen sallama. Bayan motar shi ke ciyar da mai mota da iyalinsa, don haka shi ake fara tambaya.

Ranar kasuwa, tun rana ba ta ɗaga ba lodi ya fara, kuma lodi ilimi ne da ba kowa ke da shi ba. Buhunan gero da na wake ake fara jerawa, a jingina su da kan motar don nauyi ya faɗa tsakiya. A bi su da na aya ko na riɗi. Jarkokin man gyaɗa su shiga lungu, a cusa tsumma tsakaninsu kada su goga. Tabarmi da igiyoyin da ake saƙawa a ƙauyukan Gulbin Kaba, tunda ba su da nauyi, a naɗe su a ɗaure ta waje. Jajayen awaki sai daga ƙarshe, kusa da ƙofar baya inda za su sha iska. Sannan mutane su hau. Ɗan kamasho na tsaye yana tsara su da baki: "Inna, shiga tsakiya da goyon nan kada rana ta dake shi. Malam, sako ƙafarka waje. Baba, kai zo ka shiga gaba." Samari su jeru gefe-gefe, ƙafafu na reto, kowa ya riƙe ƙarfe. Yaron mota ne na ƙarshe. Ya zare icen da ya tokare taya da shi, ya buga bodi da tafin hannu, ya ce, "Maigida, mu je!" ya ɗafe mota na tafiya.

Yawancin motocin nan an ƙera su ne don su ɗauki tan ɗaya ko abin da ya ɗara kaɗan, wato buhu goma na kilo ɗari. A nan kuwa buhu goma shimfiɗa ce. Ba yabon hakan nake ba, duk wanda ya taɓa zuwa gaisuwa bayan bashe ta kife da fasinja ba zai yabe shi ba. Amma a hanyar Urafan ko ta Gidan Amumun, wanda aka bari a bakin hanya sau da yawa ya rasa kasuwar makon nan ke nan, kuma direba ya san shi, ya san ubansa. Da wannan nauyi aka gwada Peugeot 404 da 504, wasunsu daga masana'antar Kaduna da ta fara harhaɗa motoci a 1975. Da shi aka gwada Hilux, da Land Cruiser mai silinda shida wadda tsarin jikinta bai sauya sosai ba tun 1984. Waɗanda suka jure su ne ke tasha yau.

Yanzu ga wasu sababbi sun shigo mana, ba ta Kwatano ko Lome ba, ta cikin waya. A fada wajen shan shayi, da rumfar mai cajin waya, ana miƙa wa juna bidiyon motocin kaya masu aiki da lantarki, kuma wadda ta fi jan ido ita ce Cybertruck ta kamfanin Tesla na Amurka. An fara nuna ta a Nuwamban 2019, ranar da aka jefi gilashinta da dunƙulen ƙarfe don a nuna ƙwarinsa, ya tsattsage a gaban jama'a. Ba ta shiga hannun masu saye ba sai ƙarshen Nuwamban 2023. Jikinta farin ƙarfe ne wanda ba ya tsatsa, babu fenti. Layi ɗaya ne miƙaƙƙe ya tashi daga hanci ya hau tsakiyar rufi, ya gangaro har wutsiya. Ƙofofinta ba su da mariƙi. Ba komai a cikinta ma nauyinta na neman tan uku. Na farkon da aka sayar sun kai dalar Amurka dubu 100, wajen miliyan 60 ke nan na sefa.

Samari na sonta, kuma ban ga laifinsu ba, ido na son abin da bai saba gani ba. Wasu su ce motar yaƙi ce, wasu su ce kamar an lanƙwasa kwanon rufi an sa masa taya. Wani tsohon direba da aka miƙa wa wayar ya daɗe yana kallo, ya sa aka maimaita masa wurin da aka nuna bayanta, sannan ya dubi yaron.

"Ɗana, ina ake ɗaura igiya?"

"Baba, ai marfi gare ta, da kansa yake rufewa."

"To in ya rufe, mutane fa?"

Tambayar nan ta fi mini duk bayanin da ke cikin bidiyon. Bodin motar bai gaza ba, tsawonsa wajen mita 1.8, faɗinsa 1.2, akwai kuma wuraren maƙala ɗauri a ciki. Sai dai bangonsa ya tashi a karkace daga wutsiya zuwa rufi, ta yadda na tsaye a gefe ba zai iya miƙa buhu ta sama ba, na ciki kuma ba shi da gefen da zai zauna ya sako ƙafa. Wanda ya zana ta mutum ɗaya ya hango da iyalinsa a gaba cikin sanyi, keke ko kayan shaƙatawa a baya a kulle. Irin mai sayensa ke nan, kuma ya yi masa daidai. Mu kuwa motarmu yawancin mutanenta a baya suke.

Akwai kuma batun ado. Motar da ke zuwa mana fara ce ko ruwan ƙasa, ba ta da wata kwalliya, mai ita ne ke yi mata. Ya kai ta wajen mai walda a ɗaga mata ƙarfe, a yi mata matattaka a baya. Ya kai wa mai fenti ya zana mata fure ko doki, ya rubuta "Allah ya kiyaye" ko "Albarkar iyaye" a ƙofar baya. Ya rataya carbi a madubi, ya shimfiɗa ƙyalle mai geza a gaban sitiyari saboda rana, ya sa dukawa su naɗe sitiyarin da jar fata. Tun daga nesa, ƙura ba ta lafa ba, yaran gari sun san motar wa ke tafe. Kyan mota a nan a hankali yake taruwa, shekara da shekaru, kuma hannun mutane da yawa na cikinsa. Cybertruck ta zo da nata a gama, ba ta bar wa mai ita inda zai sa hannu ba. Can ma, mai son launi leda yake sa a manna mata. Abin da ya hana ta kwanta mini ke nan. Ban ce mummuna ce ba, amma mota ce da ke sanar da sunan wanda ya ƙera ta, ba ta faɗin komai game da wanda ke tuƙa ta.

Sai ranar da ta bugu. Bashe na gogar amalanke, tana karo da kututturen goriba, sa na tunkuyinta a bakin rijiya. Mai bugun jiki ya sa wuta da guduma ya miƙe wurin, ya shafe, ya fesa fenti, kafin la'asar an koma aiki. Farin ƙarfe mai kauri wanda babu fenti a kansa ba ya ɓoye tabo, miƙe shi kuma ba aikin kowace guduma ba ne. A watan Maris na 2025 kamfanin Tesla ya kira motocin Cybertruck sama da dubu 46 don a gyara wani sashe na jikinsu da aka manna da gam, wanda ke iya ɓallewa ana cikin tafiya. Can akwai mai kiranka, akwai inda za ka kai. Kusurwoyinta masu kaifi ma abin dubawa ne. Ba a sayar da ita a Turai, inda doka ke auna abin da gaban mota zai yi wa mai tafiya a ƙasa in ta buge shi. Bashe kuwa cikin mutane take kutsawa, tsakanin 'yan talla da jakuna da yara, kafaɗa na gogar madubi.

Kamfanin Ford ya bi wata hanya dabam. F-150 Lightning da ya fara ƙerawa a 2022, in ka gan ta ba za ka bambanta ta da 'yar'uwarta mai shan mai ba sai ka matso. Direbobinmu sun fi sakin jiki da ita, don sun gane inda komai yake. Abin da ke sa su riƙe baki shi ne in aka ɗaga murfin gaba: babu inji, sai wani rami mai cin lita 400 wanda ƙura da ruwa ba sa shiga. Wanda ya taɓa ɗauko atamfa ko sukari ko maganin likita daga Maraɗi a bayan buɗaɗɗiyar mota cikin watan Agusta ya san darajar wannan rami.

Ni kuma wani abu ne dabam ya tsaya mini a rai. A jikin bodinta akwai wuraren jona wuta irin na bangon ɗaki, tana iya bayar da har kilowat 9.6. Babban batirinta na ɗaukar awon wuta 131, kilowat-awa ke nan, kuma kamfanin ya ce zai iya riƙe gidan Ba'amurke kwana uku in an ɗauke wuta, gida mai firiji da na'urar sanyaya ɗaki da injin wanki. A kawo wannan wutar wani ƙauye na Kanambakashe ko na Korgom a gani. Firijin allurar rigakafi zai kwana a kunne. Ɗakin haihuwa zai samu fitila da tsakar dare, inda yau ungozoma ke riƙe da waya a baki tana haskawa don hannuwanta biyu na aiki. Mai walda zai gyara garma a bakin gona. Injin niƙa, famfon garka, wayoyin gari guda. Da za a tambaye ni wane sashe na motocin nan ne ya fi dacewa da mu, da na nuna waɗannan 'yan ramukan jona wuta, ko da masu ƙerawa ba su san da zamanmu ba.

Sai dai batir ba ya haifar da wuta, ajiya kawai yake yi. Wutar yankin nan daga Katsina take tasowa, ta layi mai kilobolt 132 da ke sauka a Gazawa, nan kusa da Tasawa, daga can a raba, wata ta yi Maraɗi wata ta yi Damagaram. Kafin 2023, wajen kashi 70 cikin ɗari na wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa daga Najeriya ake sayo ta. Kwanaki kaɗan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na shekarar, Najeriya ta katse layin cikin takunkuman CEDEAO, ba a maido ba sai bayan da aka ɗage takunkumin a ƙarshen Fabrairun 2024. Mai sana'ar ƙanƙara ko ɗinki ko walda a Tasawa na iya ba ka labarin waɗannan watanni. Da a ce motocin kasuwa ma da lantarki suke tafiya a lokacin, da gero bai fito daga ƙauye ba. Ko a kwanan lafiya, wajen mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki a Nijar, a karkara kuwa da ƙyar ya kai ɗaya cikin goma. Batir mai awo 131, in za a cika shi da wayar gida mai ba da kilowat 3, sai ya yi kusan kwana biyu a jone, in ba a ɗauke ba ko sau ɗaya.

Mai kuwa ya san hanyar kowane ƙauye. Tun da matatar SORAZ ta fara aiki kusa da Damagaram a 2011 muke shan man ƙasarmu, a Yulin 2024 kuma gwamnati ta sauko da litar isans zuwa sefa 499, ta gazuwal zuwa 618. Inda babu gidan mai akwai 'yan ruwa-ruwa da kwalabensu jere a kan tebur, duk da cewa janye tallafin mai da Najeriya ta yi a Mayun 2023 ya karya kasuwar da yawansu. In mai ya ƙare maka tsakanin Isawan da Mayahi, ka tsayar da ɗan kabu-kabu, yaron mota ya hau da jarka, kafin fasinja su idar da sallah ya dawo. In batirin tayarwa ya mutu, samari su sauko su tura. Motar lantarki da wutarta ta ƙare ba a tura ta ta tashi, ba a kawo mata a jarka, yawancinsu ma masu ƙerawa sun hana a ja su da igiya, sai dai a ɗora su kan wata motar.

Duk da haka ban yarda da masu cewa wannan abu ba namu ba ne har abada. Injin lantarki shi kansa ya dace da ƙasarmu fiye da yadda ake zato. Dubi abin da ke faruwa in bashe ta zo tsallake rairayin gulbi da lodi. Direba ya tsaya, a rage iskar taya, a sa giyar ƙarfi, ya ja da baya ya taho a guje. In ya kuskura ya sauya giya a tsakiya, ta nutse. Sai warin kuloci ya tashi, lagireto ya tafasa, kowa ya sauko, a tona da hannu, a karyo kaba a shimfiɗa ƙarƙashin taya, a tura ana salati, mata na gefe da goyo suna jira cikin rana. Injin lantarki ba shi da kuloci, ba shi da giyar da za a sauya, kuma dukkan ƙarfinsa na nan tun daga juyin taya na farko. Ba ya shaƙar iska don ya ƙona mai, saboda haka ƙurar hunturu ba ta da matatar da za ta toshe masa. Ba a juye masa baƙin mai. Ba shi da fulogi, ba shi da famfon da gurɓataccen gazuwal zai lalata. Da yawa daga abubuwan da ke kwantar da mota a gareji babu su a jikinsa.

Matsalar ita ce abin da aka ɗora masa. Don Ba'amurke ya yi tafiyar kilomita 500 ba tsayawa aka yi ta ƙara batir, batir kuma nauyi ne. GMC Hummer ta lantarki ta haura tan huɗu, batirinta kaɗai wajen kilo 1,300, ya fi abin da Hilux ke ɗauka a ƙa'ida. Irin wannan in ta nutse a gulbi, fasinja ba za su iya fid da ita ba. Kowane kilo na batir kuma an rage shi ne daga gero. Zafi ma na saurin tsufar da batirin litiyam, mu kuwa a Afrilu da Mayu ma'auni na haura 43 a inuwa.

Kamfanin Toyota, da ya fi kowa sanin irin hanyoyinmu, sai a Nuwamban 2025 ya fito da Hilux ta lantarki a Tailan, kuma ya yi tattali: batir mai awo 59, tafiyar wajen kilomita 240 a cika ɗaya, kaya kilo 715. Daga Maraɗi zuwa Damagaram ke nan a kan kwalta, ba lodi, ta isa da ƙyar. Buhu bakwai kuma ba zai burge kowa a tasha ba. Wata guda bayan haka Ford ya sanar ya daina ƙera Lightning mai lantarki zalla, mai zuwa za ta zo da injin mai wanda aikinsa kawai cika batir. Ko a can, masu jan kaya mai nauyi sun ga tafiyar na raguwa da kusan rabi.

Mu kuma ba sabuwa ke zuwa mana ba. In ka cire motocin gwamnati da na ƙungiyoyin agaji, bashen da ke tasha ta wuce hannu biyu ko uku kafin ta iso, ta shekara goma, sha biyar, ashirin. Garantin batir a yawancin kamfanoni shekara 8 ne ko kilomita dubu 160. Ke nan ranar da motar lantarki za ta sauko farashin da ɗan kasuwar Mayahi zai iya, abu mafi tsada a jikinta ya riga ya fara gajiya. Tsohon injin gazuwal ana sauke shi a gindin bedi, a warware shi a kan buhu, a aika Maraɗi ko Kano a sayo abin da ya cinye, a mayar. Yaron da ya shekara biyar yana miƙa sifana ya iya wannan. Batir mai bolt 400, ko 800 irin na Cybertruck, wayoyinsa masu ruwan lemo na iya kashe wanda ya taɓa su cikin rashin sani, kwamfutar motar kuma ba ta buɗe wa kowa sai mai na'urar kamfani. Wannan ya fi damuna a kan rashin wurin caji. Matasanmu ba su gaza ba, su ne suka koyi gyaran waya da haɗa sola a bakin titi, babu wanda ya kai su makaranta. Sun koya ne don abin na buɗuwa, suna iya kwance shi su gani.

Shi ya sa labarin da ya fi faranta mini rai ba daga Amurka ya fito ba. A Kenya, kamfanin Opibus, wanda yanzu ake kira Roam, ya fara ne a 2017 da cire injin tsofaffin Land Cruiser na masu yawon buɗe ido yana sa musu na lantarki. Kamfanin Tembo na ƙasar Holan na yin haka da Land Cruiser da Hilux don masu haƙar ma'adinai. Kusa da mu, a Maiduguri, Mustapha Gajibo ya fara da ƙananan bas na haya, yana cire musu inji yana sa batir, yana caja su da hasken rana. Jikin da muka sani na nan, da sifirin da muka iya ƙarawa, da ƙarfen da mai waldarmu ya saba da shi, da gefen da ake zama a sako ƙafa. Abin da ke shan mai kawai aka fitar. Mai fenti ma aikinsa na nan.

Abu ɗaya nake roƙon duk mai irin wannan aiki, ya sa mata murya. A ƙauye da kunne ake sanin mota ta taho. Uwa ta ji ƙugin inji ta kira yaro daga hanya, makiyayi ya kora tumaki gefe, makaho ya tsaya. Tarayyar Turai ta wajabta tun 2021 kowace sabuwar motar lantarki ta riƙa fitar da ƙara in tana tafiya a hankali, ƙasa da kilomita 20 a awa. A kan rairayi, inda taya ma ba ta ƙara, buƙatarmu ta fi tasu.

Wurin caji kuma, a ganina, kasuwa ya kamata a fara kai shi kafin bakin babbar hanya. Bashen ƙauye ba ta yin tafiyar Maraɗi zuwa Damagaram. Takan taso da safe, ta yi kilomita 30 ko 50, ta sauke, sannan ta tsaya. Daga hantsi har bayan la'asar tana nan a bakin kasuwa, direba na kishingiɗe a inuwa yana jiran fasinjansa su gama ciniki, rana na dukan ƙarfen har ba ya taɓuwa. Sa'o'in da rana ta fi ƙarfi ke nan, kuma a cikinsu ne motar ba ta aikin komai. Fanon sola mai wat 400 na ba da wajen awo 2 a wuni irin namu. Hilux mai lantarkin can na cin wajen awo 25 a kilomita 100 na kwalta. Mu ninka shi saboda lodi da rairayi, ya zama awo 25 a kilomita 50. Fano 13 zuwa 15 ke nan, rumfar da za ta rufe mota biyu ko uku, a riƙa share mata ƙura kowace safiya. Kasuwannin yankin nan kowace da ranarta, direba na bin su ɗaya bayan ɗaya cikin mako, don haka kowace kasuwa da tata rumfar. Sauran kwana shida da ba ta ci, wutar ta tafi ga injin niƙa da famfon gari da likita. Masu garka sun riga sun saba da fanon da ke ɗaga ruwa, masu shago sun saba da wanda ke riƙe firiji, ba baƙon abu za a kawo musu ba.

Land Cruiser mai lodi kan sha lita 15 ko fiye a kilomita 100 na irin wannan hanya, sama da jika tara na sefa ke nan da direba ke fitarwa kafin ya fara lissafin abin da zai kai wa mai mota da abin da zai kai gida. Daga cikin wannan kuɗin za a biya rumfar a hankali, in aka samu magajin gari ko ƙungiyar direbobi da za ta fara kafa ta a kasuwa ɗaya, da tsohuwar bashe ɗaya da aka sauya wa inji.